Ranar da Na Kai Baba Gareji

Sunana Ruxandra, amma a garinmu Baia Mare ba mai kirana da shi sai likita. Kowa Ruxi yake cewa. A nan aka haife ni, a nan na yi makaranta, daga baya na tafi Cluj na yi shekaru ina aiki da wani kamfanin sufuri na mutanen Holland. Aikina shi ne tsara tafiyar tireloli masu firji, masu ɗauko kifi da nama da furanni daga bakin teku su shigo da su cikin Turai. Ni ke gaya wa direba inda zai bi, inda zai tsaya, inda zai sauke. In taya ta fashe a Jamus, wayata ce ke ƙara. In inji ya tsaya a Austria, ni zan nemo makanike kafin kaya su lalace. Tun safe har yamma abin sauraro na maƙale a kunnena, allo biyu na gabana, ko bayi ba na shiga sai na tabbata babu motar da ke cikin matsala.

Da kamfanin ya ce kowa na iya aiki daga gidansa, ban yi wata-wata ba na tattara na dawo. Na gaji da cunkoson Cluj da ɗan ɗakin hayar da nake ciki, wanda in ka miƙa hannu sai ka taɓa bango biyu. Na samu gida mai ɗaki biyu a hawa na huɗu a unguwar Săsar, tagarsa na kallon duwatsu. Watannin farko na ji daɗi ƙwarai. Da sassafe in sauka kasuwa in sayi cuku da tumatir wurin matan ƙauye, in dawo in kunna kwamfuta da kofi a hannu, babu mai numfashi a wuyana cikin bas.

Abin da na manta shi ne mutanen garinmu ba su yarda akwai aikin da ake yi da silifa a ƙafa ba.

Tanti Veta ce ta fara, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tawa. "Ruxi 'yar albarka, tunda kina gida, mai duba gas zai zo, ga makullina." Daga ita sai mutanen hawa na biyu, wai in karɓar musu saƙo. Daga su sai matar yayana, Camelia, wadda ta mayar da gidana wurin sauke duk abin da ta saya ta intanet, ko tambayata ba ta yi ba. Ƙararrawar ƙofata ta zama ta gidan kowa. Ina cikin rarrashin direban da aka tsare a kan iyaka, sai in ji ta ɗauka, in tashi a guje in karɓo tukunyar wani ko labulen wata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce Baba.

Babanmu Traian tsohon ma'aikacin haƙar ma'adinai ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyarmu yake zaune shi kaɗai a tsohon gidanmu kusa da tashar jirgi. Sai mantuwa ta fara kama shi. Yau a tsinci takalminsa cikin firji, gobe ya kunna gas ya tafi ya kwanta. Ranar da maƙwabta suka ji wari suka ɓalle ƙofa, kowa ya san zamansa shi kaɗai ya ƙare.

Yayana Ovidiu yana da garejin gyaran motoci a hanyar Satu Mare, yana da gida na ƙasa mai tsakar gida da katanga, ga ɗaki a rufe tun da ɗansu ya tafi jami'a. Wata Lahadi bayan coci sai ga shi a ƙofata, shi da Camelia, Baba a tsakiyarsu riƙe da jakar kaya.

"Sati ɗaya ne kawai, Ruxi, kafin mu ga abin da za a yi," in ji Ovidiu.

"Yaya, aiki fa nake yi."

"Wa ya ce ki daina? Ki zaunar da shi gaban talabijin, ki ci gaba da danne-dannenki."

"Gidanka ya fi dacewa da shi. Ba bene, ga katanga, ga ɗaki a banza."

Camelia ta yi wata 'yar dariya ta gyara jakarta a kafaɗa. "Mu fa fita muke yi, ƙanwata. Ni ina kantin magani tun safe, shi yana gareji. Wa zai zauna da shi, karenmu?"

Baba na tsaye yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, hularsa a hannu, kamar wanda ya zo neman alfarma ofis. Ganin haka ya sa na karɓi jakar.

Satin nan ya zama wata, watan ya ja wani, bazara ta wuce, kaka ta wuce. Kada a ce ba na son ubana. Wani lokaci sai in ga ya lallaɓo ya ajiye mini tuffa a gefen kwamfuta, ya fere shi tsaf ya yayyanka, ya koma abinsa. Amma shi ɗin ne kuma zai shigo da gajeren wando ina tsakiyar taro, ya leƙa allo ya tambayi abokan aikina na Rotterdam su wane ne su kuma wa ya ba su izinin shiga gidansa. Shi zai buɗe famfo ya bar shi, shi zai kira ni da sunan mahaifiyata ya yi ta faɗa wai na ɓoye masa fitilar aiki. Na cire kawunan murhun gas na ɓoye. Na kulle ƙofar waje na rataye makullin a wuyana da igiya. Na koyi yi masa wanka, na koyi canza masa kunzugu a ɗan tsakanin kira da kira.

Ovidiu kan zo ranar Lahadi da kankana ko kaza gasasshiya, ya zauna ya sha kofi, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Tsoho, ka yi kyau, ana kula da kai," ya tafi.

Na roƙe shi mu ɗauki mace mai zuwa da safe ta taya ni. Ya ce baƙuwa a gida ba ta da amana, kuma me za ta yi wanda ba na yi, ga ni zaune. Na ce to mu duba gidan kula da tsofaffi, ko na yini ne, a kai shi da safe a ɗauko da yamma. Sai ya miƙe tsaye kamar na zage shi.

"Gidan tsofaffi? Ubanmu? Da 'ya'yansa biyu a raye a garin nan? So kike a riƙa nuna ni da baki a coci? Kar in sake jin wannan maganar, Ruxi. Cluj ta ɓata ki."

Shugabata a wurin aiki wata mata ce mai suna Marloes, mai sanyin murya, ba ta taɓa ɗaga mini harshe ba. Sau biyu tana tambayata ko lafiya, don ta lura ina ɓacewa daga layi. Na ce lafiya lau. Me zan ce mata?

Ranar da abin ya faru cikin Disamba ne, gari ya yi fari fat da dusar ƙanƙara. Da hantsi wani direbanmu ɗan Poland mai suna Marek ya kira daga babbar hanya kusa da Nürnberg a Jamus. Injin da ke daidaita sanyin motarsa ya mutu, furanni ne cike da ita na wani babban abokin cinikinmu, na kasuwar Kirsimeti. In sanyin waje ya ratsa su, sun tashi aiki. Ina magana da Marek a layi ɗaya, ina neman gareji da ɗan guntun Jamusancina a ɗaya layin, Marloes na turo mini saƙo bayan saƙo. Sai ƙararrawa ta ɗauka. Na yi banza da ita. Aka sake dannawa, aka ɗora yatsa aka ƙi ɗagawa. Baba ba ya jure wannan ƙarar, na ji ya fara buga tebur a kicin yana cewa a buɗe, a buɗe.

Na ruga na ciro makullin daga wuyana na buɗe. Mai kawo kaya ne da ƙaton kwali.

"Na uwargida Camelia ne, an ce a nan ake barin mata."

Na fizge kwalin na wurga shi bayan ƙofa. Daidai lokacin makaniken Jamus ya ɗauki waya, na koma a guje. Makullin na bari a jikin ƙofa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na samu makaniken, ya ce zai je amma sai kamfani ya tabbatar masa, zai sake kira. Na cire abin kunnen don in sha ruwa, sai na ji gidan ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba. Kicin ba kowa, shayinsa ya huce. Ƙofar waje a buɗe, iska na shigowa. Rigar sanyinsa na rataye a inda take, takalminsa na ƙarƙashinta.

Na buga wa Tanti Veta ƙofa da hannu biyu.

"Tanti, kin ga Baba?"

"Na hango shi ta taga ɗazu ya nufi titi. Na ce ko ke kika aike shi."

"Na aike shi? Da silifa, cikin ƙanƙara? Mutumin da bai san sunan kansa ba?"

"To ni na sani, 'yar nan? Ai ke ce a gida."

Na sauka benen nan ban san yadda na yi ba. Na kira Ovidiu bai ɗauka ba, na kira Camelia wayar na ta ringi. Na bi ta tsohon gidanmu, na bi ta kasuwa, na bi bakin kogi ina leƙa ƙasa, zuciyata na gaya mini abin da ba na son ji. Wayar aiki na ta rawa a aljihuna, ko duba ta ban yi ba. Can na tuna da tsohuwar tashar da motar ma'aikatan haƙar ma'adinai ke kwasar su Baba a da, wadda tun ina yarinya aka daina amfani da ita. A can na same shi. Wata mata mai sayar da burodin covrigi ce ta shigar da shi rumfarta, ta zaunar da shi kusa da tanda, ta lulluɓe shi da mayafinta. Ya zame ya faɗi, goshinsa ya tsage, jini ya bushe har gefen ido. Safarsa ta jiƙe sharkaf, yatsunsa sun yi fari.

Da ya gan ni sai ya ɓata rai. "Motar ta makara," in ji shi. "Je ki gida, nan ba wurin mata ba ne."

Matar ta dube ni sama da ƙasa. "'Yarsa ce ke? Haba baiwar Allah, ina kike?"

A asibiti aka ɗinke masa goshi, aka ɗumama ƙafafun, likita ta ce an yi sa'a. Muna zaune a baranda cikin mutane sai ga Ovidiu da kayan aikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai ko dubi Baba sosai ba ya juyo kaina.

"Abu ɗaya aka ce ki yi, Ruxi. Abu ɗaya tak! Kina zaune a gida yini guda, tsoho ɗaya ya gagare ki? Da ya mutu a titi fa?"

Mutane suka zuba mana ido. Wata tsohuwa a kujerar gaba ta girgiza kai tana kallona. Sai ga Camelia da farar rigar kantin magani ƙarƙashin ta sanyi. Ta sumbaci Baba a kumatu, ta ce wayyo, ta ce Allah ya tsare gaba, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Af, Ruxi, takalmana sun iso kuwa? Sun turo mini saƙo wai an karɓa."

Har yau ina mamakin yadda hannuna ya zauna a cinyata bai kai mata mari ba.

Da muka koma gida na tarar da abin da na bari. Makaniken ya kira ya kira ba wanda ya ɗauka, ya tafi wani aikin. Kafin Marloes ta gane ba na wurin ta sa wani ya karɓa, furannin sun daskare sun yi baƙi, mota guda. Washegari ta kira ni, muryarta a sanyaye kamar kullum. Na gaya mata komai. Ta ce ta tausaya mini matuƙa, ita ma mahaifiyarta ta yi irin wannan ciwon. Sannan ta ce manyan abokan cinikin da na yi shekara da shekaru ina riƙe da su za su koma hannun wani yaro da ni na koya masa aikin, ni kuma a bar mini ƙananan hanyoyi har a ga yadda al'amura za su daidaita.

"Ba hukunci ba ne, Ruxandra," in ji ta. "Amma dole in san akwai mutum a kan kujerar nan."

Na ce na gane. Na kashe kwamfutar, na shiga bayi na rufe, na cusa tawul a baki na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi. Na fito na tuƙa wa Baba mămăligă, tuwon masararmu, na marmasa masa cuku, na ba shi a baki don hannunsa na ciwo.

Ranar Litinin da safe na yi masa wanka, na aske masa gemu, na sa masa kaya masu kauri da hula. Na zuba magungunansa da kunzugu da kayan canji cikin jakar nan da suka kawo shi da ita. Kwalin Camelia ma na ɗauko. Na kira tasi.

Garejin Ovidiu a cike yake, kowa na son canza taya saboda ƙanƙara. Motoci sun yi layi har titi, masu su na tsaye suna shan taba. Na riƙe hannun Baba muka ratsa su, na shigar da shi ɗan ofishin da ake jira, na zaunar da shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Na ajiye jakar a kan tebur, kwalin a ƙasa. Ovidiu ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Lafiya? Asibiti za ku koma?"

"A'a. Nan muka zo. Farin maganin bayan ya ci abinci, jan da rana. In ka ga yana jan wando, bayi yake so, kar ka jira ya faɗa don ba zai faɗa ba. Kar ka bar shi kusa da wuta, kar ka bar ƙofa a buɗe."

"Me kike nufi? Ruxi, ba ki ga aiki nake yi ba?"

"Na gani. Wa ya ce ka daina? Ai kana nan yini guda, ba inda za ka. Ka ci gaba da kwance-kwancenka, ka riƙa leƙo shi."

"Kin haukace ne? Nan gareji ne! Ga rami, ga ƙarafa, ga motoci na shiga suna fita."

"Nawa ma wurin aiki ne, Yaya. Motocina sun fi naka girma, don dai ba ka ganin su ne. Abu ɗaya aka ce ka yi. Tsoho ɗaya ne, ba zai gagare ka ba."

Ma'aikatansa sun tsaya cak, masu motoci sun matso bakin ƙofa. Ovidiu ya kama hannuna ya rage murya. "Kar ki tona mini asiri gaban mutane. Mu je waje mu yi magana."

Na fizge hannuna. "A asibiti waje ka kai ni? Gaban mutane ka ce na kusa kashe ubana. To bari su ma waɗannan su ji. Tun bazara nake wanke masa kashi, kai kana kawo kankana. Sau nawa ka kwana da shi? Sau nawa ka yi masa wanka? Ka san girman kunzugun da yake sawa? Aikina ya lalace saboda takalman matarka, ga su nan, ka kai mata, ka ce na gode."

Na sunkuya na sumbaci Baba a goshi gefen ɗinkin. Yana ta kallon wata mota da aka ɗaga sama, ko kula ni bai yi ba. Na fita na shiga tasin da ke jirana. Har muka yi nisa direban na ta satar kallona ta madubi.

Da na isa gida na zare wayar ƙararrawa daga bango. Ranar na yi aiki tun safe har yamma ba wanda ya katse ni, kuma ban ji daɗin ko minti ɗaya ba. Kunnena na kan kicin, ina jiran in ji an ja kujera.

Da magariba Camelia ta zo tana dukan ƙofa da tafin hannu. Ban buɗe ba, ta ƙofar muka yi magana.

"Ruxi, ki ji tsoron Allah. Kin jefar da ubanki a gareji kamar tsohuwar taya. Garin nan gaba ɗaya ya ɗauka."

"Ba jefar da shi na yi ba, wurin ɗansa na kai shi. Ki ɗauke shi kantin magani in garejin bai yi miki ba, ke ma ai wuri ɗaya kike tsaye."

"Ke ba ki da miji, ba ki da ɗa, me kike yi da lokacinki?"

"Ina karɓar miki kaya da shi."

Na ji ƙofar Tanti Veta ta buɗe a hankali, ta sake rufewa.

Na aika wa Ovidiu abin da nake so a fili: mu raba. Rabin sati wurinsa, rabi wurina, mu ɗauki mace mai taya mu da rana. Ban nemi fiye da haka ba. Bai ba ni amsa ba. Baba ya kwana gidansu ranar, da washegari, da wanda ya biyo baya. Na ji labari wurin wani ma'aikacinsa cewa tun rana ta biyu Baba ya kusa afkawa ramin gyaran mota, ya kuma yi fitsari a kujerar motar wani lauya. A gida kuwa ya ɗauki labulen Camelia ya goge takalmi da shi.

Ana gobe jajibirin Kirsimeti Ovidiu ya kira ni, karo na farko tun ranar garejin. Muryarsa wasai kamar ba abin da ya faru.

"Na samo wa Baba wuri. Gidan kula da tsofaffi ne mai kyau, can bayan gari wajen daji, mai shi abokin cinikina ne. Bayan biki za a kai shi."

Na zauna a bakin gado. "Gidan tsofaffi?"

"Ai ke kika fara kawo shawarar."

"Na kawo ta tun kaka, ka ce Cluj ta ɓata ni. Ka ce za a nuna ka da baki a coci. Yanzu bakin mutanen coci ya mutu ne?"

"Ruxi, ki yi hankali mana. Mutumin nan ba ya riƙuwa a gida, sai ƙwararru."

"Yau ka sani? Ni da na riƙe shi wata da watanni, ƙwararriya ce? Sati biyu bai cika ba ka gano ba ya riƙuwa! Ni rabawa na ce mu yi, ban ce a kwashe shi daji ba."

"To ki karɓe shi gaba ɗaya in kina so. Ni dai ba zan iya ba, Camelia ma ba za ta iya ba."

Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa. Na kashe wayar.

Bayan sabuwar shekara muka kai shi, ni da Ovidiu a mota ɗaya, Baba a gaba, ba wanda ya yi wa wani magana har muka je muka dawo. A gari kuwa labarin da ya zauna shi ne Ruxi ta kori ubanta, Ovidiu ya yi iya ƙoƙarinsa, da abin ya fi ƙarfinsa ya nema masa wuri. Ƙanwar mahaifiyarmu ta daina ɗaukar wayata. Tanti Veta kan amsa gaisuwata da hanci. Manyan abokan cinikina ba su dawo hannuna ba, yaron nan ya iya aikin, ni na koya masa.

Abin da ya fi ci mini rai, wurin ba shi da laifi. Na so in same shi da datti, in tarar ana wulaƙanta su, in samu abin da zan jefi Ovidiu da shi. Ban samu ba. Ɗakin da ɗumi, zanen gado fes, Baba har ƙiba ya yi. Ya samu aboki, wani tsohon direban jirgin ƙasa mai suna Gavril, su zauna bakin taga su yi ta karta ba wanda ya san dokar wasan a cikinsu, kowa na cewa shi ya ci.

Ina zuwa kusan kullum in na tashi aiki, in hau bas zuwa ƙarshen layi in ƙarasa da ƙafa. Ovidiu ranar Lahadi yake zuwa, don haka ni ba na zuwa Lahadi. Wata rana cikin Maris ina cire rigar sanyi a bakin ƙofa, babbar ma'aikaciyar jinyar ta tare ni da fara'a.

"Ke ce ƙanwar maigida Ovidiu ko? Kai, kun yi dace da ɗan'uwa. Kin san ya canza wa motar gidan nan tayoyi duka, kyauta? Irin waɗannan 'ya'yan sun yi ƙaranci yanzu."

"Sun yi ƙaranci kam," na ce.

Na wuce ɗakin Baba. Na tarar an sa masa rigar wani, hannunta ya yi masa gajere. Na buɗe kabad na ciro tasa na canza masa, yana ta mita wai na katse masa wasa. Gavril ya tura mini kujera da ƙafa, ya raba katin da ni.